Kwana 59 tsakanin faci da ɓarna

Na yi kusan shekara biyu ina korar wani ɗan saƙo da yake leƙowa daga kusurwar allon kwamfutata yana sanar da ni cewa akwai sabuntawa da take jira a ɗora ta. Da farko ina danna maɓallin da ke cewa a bari sai anjima, daga baya kuma, da na ga saƙon ba ya gajiya da dawowa, sai na kutsa can cikin saitin kwamfutar na toshe hanyar sabuntawar gaba ɗaya, na kuma ji a raina cewa na rabu da wata fitina. Ina da dalilina a wancan lokaci, kuma har yau ban ɗauke shi dalilin banza ba, shi ya sa nake so in fara da shi kafin in zo kan abin da ya sa na sauya ra'ayi.

Wani dare ne ina tsakiyar rubuta dogon rahoto da ake jira a hannuna washegari. Na kai wajen ƙarfe ɗaya ina aiki, idanuna suka yi nauyi, sai na bar kwamfutar a kunne da fayil ɗin a buɗe, da niyyar in ƙarasa da sassafe. Da na dawo na tarar da allon yana neman kalmar sirri, alamar cewa kwamfutar ta mutu ta sake tashi ita kaɗai cikin dare domin ta kammala wata sabuntawa. Na buɗe fayil ɗin gabana yana faɗuwa, na tarar shafuka bakwai na ƙarshe babu su, har da wani jadawali da na ɓata awa biyu ina jera alƙalumansa. Na sake rubuta abin da na iya tunawa a gurguje, da na zo bugawa kuma firinta ta ƙi amsawa, domin ƙaramar manhajar da ke haɗa ta da kwamfutar ba ta jitu da sabon abin da aka ɗora ba. Rabin laifin nawa ne, tun da ban adana aikin ba kafin in kwanta, amma wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi, ni ma daga wannan rana na yanke cewa abin da yake aiki lafiya ba zan bari a sake taɓa mini shi ba.

Kuskuren da ke cikin wannan hukunci nawa shi ne na ɗauka sabuntawa kwalliya ce kawai, wato sauya launin allo, matsar da maɓalli daga nan zuwa can, ko ƙaro wasu abubuwa da ban nema ba. Akwai irin wannan sabuntawar, kuma mutum yana da hakkin ya ƙi ta ko ya jinkirta ta. Amma mafi yawan abin da ke zuwa wata-wata ba shi ba ne. Babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta an gina ta ne da layukan umarni miliyoyi, waɗanda dubban mutane suka rubuta cikin shekaru masu yawa, kuma aiki mai girman haka ba ya rasa kurakurai. Yawancin kurakuran ba su da wata illa da ta wuce manhaja ta daskare ko ta rufe kanta, amma wasu ɓaraka ce ta gaske, wadda wani daga nesa zai iya bi ta cikinta ya sa kwamfutarka ta aikata abin da yake so ba tare da saninka ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tun daga shekarar 1999 akwai wani kundi na duniya da ake kira CVE, inda ake bai wa kowace ɓaraka da aka gano lambarta, kuma a yanzu dubban sababbi ake shigarwa cikinsa kowace shekara. Abin da kamfani yake aikowa domin toshe irin wannan ɓaraka shi ne faci, kuma kalmar ta dace da shi, domin ba sabon abu ake ba ka ba, hujin da ke jikin tsohon ake like maka.

Kamfanin Microsoft, alal misali, tun daga watan Oktoba na shekarar 2003 ya tsayar da Talata ta biyu ta kowane wata a matsayin ranar fitar da facinsa na tsaro, domin masu kula da kwamfutocin ma'aikatu su san ranar da za su shirya mata. To, a nan ne abin da ban fahimta ba yake, kuma shi ne ainihin abin da ya sa nake wannan rubutu. Ranar da faci ya fito, ba mu kaɗai ke karɓarsa ba, masu kutse ma suna sauke shi. Suna ɗaukar tsohon fayil da sabon su jera su gefe da gefe, su duba wurin da aka sauya, kuma wurin da aka sauya shi ne wurin da ɓarakar take. Wato shi kansa facin sanarwa ce ga duniya cewa ga inda bangon ya tsage. Kafin fitowarsa ƙila mutane ƙalilan ne suka san da ɓarakar, amma bayan fitowarsa duk mai ƙwarewa da haƙuri zai iya gano ta, ya ƙera makamin da zai bi ta cikinta, ya sake shi a kan duk kwamfutar da mai ita bai ɗora facin ba. Saboda haka kwamfutar da aka bari yadda take ba ta tsaya wuri ɗaya ba kamar yadda nake zato. Kowane wata da ya wuce tana ƙara zama a buɗe, ko da kuwa ba a taɓa komai a cikinta ba.

Babu misalin da ya fi fito da wannan fili kamar abin da ya faru a shekarar 2017. Ranar 14 ga watan Maris na wannan shekara Microsoft ya fitar da faci mai lamba MS17-010, wanda ya toshe wata ɓaraka a hanyar da kwamfutocin Windows suke bi wajen musayar fayiloli a tsakaninsu. A watan Afrilu wata ƙungiyar masu kutse mai kiran kanta Shadow Brokers ta watsa wasu kayan kutse da aka sace daga hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA, cikinsu har da wani mai suna EternalBlue, wanda ta wannan ɓarakar yake shiga. Ranar Juma'a 12 ga watan Mayu sai ga manhajar garkuwa da bayanai da aka sani da WannaCry ta ɓarke. Ba ta jiran kowa ya danna wani abu ko ya buɗe wata wasiƙa, da kanta take lalubo kwamfutar da ba a like ba, ta shiga, ta kulle fayilolin da ke ciki, ta nemi fansar dala 300 a kuɗin Bitcoin, sannan ta tsallaka zuwa ta gaba. Cikin 'yan kwanaki ta kama kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150. Kamfanin motoci na Renault ya dakatar da aiki a wasu masana'antunsa, allunan sanarwa a tashoshin jirgin ƙasa na Jamus suka koma nuna saƙon neman fansa, a Ingila kuwa kimanin kashi ɗaya cikin uku na hukumomin asibitocin gwamnati abin ya shafa, aka soke ganin likita da tiyata kusan 19,000, aka kuma riƙa karkatar da motocin ɗaukar marasa lafiya daga wasu asibitoci zuwa wasu. Wani matashi ɗan Birtaniya mai binciken tsaro, Marcus Hutchins, shi ya taka mata birki, bayan da ya lura da wani adireshin intanet a cikin manhajar ya yi rajistarsa, ashe shi ne makashinta.

Na zauna na ƙirga kwanakin da ke tsakanin 14 ga Maris da 12 ga Mayu, na samu kwana 59. Kusan wata biyu cur maganin yana nan kyauta, yana jiran a ɗora shi, kuma duk kwamfutar da aka ɗora mata shi WannaCry ba ta iya shiga ta wannan ƙofa ba. An yi ta maganar tsohuwar Windows XP a lokacin, wadda aka daina yi wa faci tun 8 ga Afrilu na 2014, har Microsoft ya fitar mata da faci na gaggawa, amma da aka bincika sai aka ga mafi yawan kwamfutocin da suka kamu Windows 7 ce a kansu, wadda a lokacin ana yi mata faci kowane wata. Ashe ba rashin magani ba ne, rashin sha ne. A shekarar nan kuma kamfanin Equifax na Amurka, mai tattara bayanan bashi na jama'a, ya bar wata ɓaraka a manhajar Apache Struts a buɗe, alhali facinta ya fito tun watan Maris, aka bi ta nan aka kwashe bayanan mutane kusan miliyan 147.

Duk da haka, in faɗi gaskiya, ba labaran jaridu ba ne suka motsa ni. Mutum yana karanta irin wannan ya ce ai wannan matsalar manyan kamfanoni ce. Abin da ya motsa ni a gidan yayana ya faru. Ya kira ni wata rana da yamma ya ce kwamfutarsa ta haukace, in zo in duba masa. Na zauna na buɗe jakar hotuna, sai na ga duk ƙananan hotunan da aka saba gani sun koma fararen takardu, kowane fayil kuma an liƙa masa wasu baƙaƙe huɗu a ƙarshen sunansa waɗanda ba su da ma'ana. A cikin kowace jaka akwai wata 'yar takarda guda, iri ɗaya sak, tana bayyana cewa an kulle fayilolin da yadda za a biya. Na ce masa, "Yaya, yaushe rabonka da sabunta kwamfutar nan?" Ya ce, "Ai tun da aka sa mini wata manhajar gyaran hoto aka ce kada in kuskura in sabunta, in na yi za ta daina aiki." Na tambaye shi manhajar kariya fa, ya ce ita ma an ce ya kashe ta. Ashe kwafin sata ne aka ɗora masa, irin wanda aka fasa makullinsa, kuma sharaɗin zamansa a kwamfuta shi ne a tsige mata duk wani abin da zai kare ta. Hotunan 'ya'yansa tun suna jarirai suna ciki, da lissafin aikinsa na shekaru. Mun kwana muna tono tsofaffin wasiƙun imel da wata filashi da ya manta da ita a aljihun tebur, muka tsira da abin da bai kai rabi ba. Ya yi shiru na tsawon lokaci yana kallon allon, sannan ya ce, "Ni me nake da shi da har wani zai neme ni?"

Wannan tambaya ita ce wadda ni ma nake fakewa da ita, kuma amsarta ita ce babu wanda ya neme shi. Masu wannan sana'a ba sa zama su zaɓi mutum da suna. Manhajoji suke saki su yi ta ƙwanƙwasa ƙofofi dare da rana, ko su dasa tarko a shafukan intanet da cikin kwafin sata, duk wanda ya faɗa shi ke nan. Kuma kowace kwamfuta tana da abin da za a mora a jikinta: kalmomin sirri da ke ajiye a burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, akwatin imel wanda ta cikinsa ake sauya kalmar sirrin kusan kowane asusu, jerin sunayen abokan hulɗa da za a damfara da sunan mai ita, ko kuma ita kanta na'urar, a mayar da ita baiwa tana kai wa wasu hari mai ita bai sani ba. A daren da na koma gida na buɗe hanyar sabuntawar da na toshe, kwamfutar ta shafe sa'o'i tana saukewa tana sake tashi, sau huɗu ko biyar, kafin ta cim ma abin da na hana ta.

Ba zan ce tsoron da nake da shi a da ba shi da tushe ba, domin sabuntawa tana ɓata abu, kuma masu cewa a ɗora kawai ido rufe ba sa yi wa mutane adalci. A watan Oktoba na 2018 Microsoft ya fitar da wata babbar sabuntawa ta Windows 10 wadda ta share fayilolin wasu mutane, har ya janye ta na ɗan lokaci. Ranar 19 ga watan Yuli na 2024 wata gurɓatacciyar sabuntawa daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5, aka soke tashin dubban jirage, bankuna da asibitoci suka tsaya cik. Akwai ma wanda ya fi wannan muni, inda ɓarayi suke shiga ta hanyar sabuntawar kanta: a watan Yuni na 2017 manhajar NotPetya ta bi ta sabuntawar wata manhajar lissafin haraji a ƙasar Yukren ta bazu, har ta tsayar da kamfanin jiragen ruwa na Maersk, haka kuma a 2020 aka gano an cusa guba cikin sabuntawar manhajar SolarWinds wadda kwastomomi kusan 18,000 suka sauke. Duk waɗannan sun faru. Amma da na auna su sai na ga bambanci biyu. Na farko, irin waɗannan ba kullum suke faruwa ba, shi ya sa ake tuna su da sunayensu da ranakunsu, alhali kutse ta tsohuwar ɓaraka kullum ake yinsa har ya daina zama labari. Na biyu, ɓarnar sabuntawa yawanci tana gyaruwa, a cire ta, ko a jira gyaranta, ko a koma baya, amma hotunan da aka kulle da bayanan da aka kwashe ba sa dawowa.

Abin da na koya shi ne matsalata ta farko ba sabuntawa ba ce, rashin shiri ne. Ba a fafe gora ranar tafiya. Yanzu ina da kwafin duk abin da ba zan iya jure rasawa ba a wurare biyu ban da kwamfutar, ɗaya a faifan ajiya na waje, ɗaya a ma'ajiyar intanet, kuma faifan nan ina cire shi daga jikin kwamfutar da zarar na gama kwafa, domin manhajar garkuwa tana kulle duk abin da ta tarar a jone. Lokaci-lokaci nakan buɗe fayil ɗaya ko biyu daga cikin kwafin in tabbatar suna buɗuwa, domin ajiyar da ba a taɓa gwadawa ba zato ce kawai. Tun da na yi wannan, saƙon sabuntawa ya daina tayar mini da hankali, saboda mafi munin abin da zai iya faruwa shi ne in rasa yini guda ina gyara.

Na kuma raba sabuntawa gida biyu a wurina. Facin tsaro na wata-wata ba na barinsa ya wuce kwana biyu ko uku, in kuwa aka sanar cewa ana riga ana amfani da ɓarakar wajen kai hari, a ranar nake ɗora shi. Babbar sabuntawa mai sauya fasalin manhaja kuwa, irin wadda takan zo sau ɗaya a shekara, nakan ba ta 'yan makonni, in bari waɗanda suka riga ni su gano matsalolinta a gyara. Windows tana ba da damar dakatar da sabuntawa har zuwa kwana 35, tana kuma barin mutum ya koma tsohon fasali cikin kwana 10 bayan babbar sabuntawa, sannan akwai wurin da ake gaya mata sa'o'in da ake aiki domin kada ta sake tashi a cikinsu. Da na san da wannan saitin na ƙarshe tun farko, da shafukana bakwai ba su salwanta ba. Wanda yake amfani da data mai iyaka kuma zai iya shaida wa kwamfutar haka, ta rage saukar da manyan abubuwa sai ya samu wadatacciyar intanet, amma ya riƙa tuna cewa bashi ne ya ɗauka, dole ya nemi ranar biya. In za a fara, a jona kwamfutar da wuta, a adana aiki, a rufe komai, kuma in ta rubuta cewa kada a kashe ta, to kada a kashe ta, ko da ta daɗe a kan lamba ɗaya kamar ta tsaya. Wani abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne saukar da faci daban, kama aikinsa daban. Yawancinsa ba ya fara aiki sai an sake tayar da kwamfutar, don haka wanda ya saba rufe murfin kwamfutarsa kawai na makonni yana iya zama da faci a ciki alhali ƙofar tana nan a buɗe.

Haka abin yake ga burauza, wadda a ganina ita ce manhajar da ta fi kowace fuskantar haɗari, tun da ita ce take karɓar duk abin da baƙin shafuka suka miƙo. Burauzojin Chrome da Firefox suna fitar da sabon fasali duk bayan 'yan makonni, da facin gaggawa a tsakani, suna kuma saukewa da kansu, amma sai an rufe su an sake buɗewa sabon yake hawa. Na san masu barin shafuka arba'in a buɗe wata da watanni don kada su ɓace musu, alhali burauzar tana iya maido da su duka bayan ta sake tashi. Sai kuma ƙananan manhajojin da ake ɗorawa a manta da su, waɗanda ba sa sabunta kansu. WinRAR, wadda ake buɗe dunƙulallun fayiloli da ita, misali ce mai kyau: a 2019 masu bincike suka gano wata ɓaraka da ta yi kusan shekara 19 a cikinta, a 2023 kuma aka toshe wata a fasali na 6.23 bayan an riga an yi amfani da ita wajen kai hare-hare, amma wanda bai je da kansa ya sauke sabon ba, tsohon yana nan a kwamfutarsa. Shi ya sa sau biyu a shekara nakan buɗe jerin manhajojin da ke kwamfutata in bi su ɗaya bayan ɗaya, wadda nake amfani da ita in sabunta ta, wadda na yi shekara ban buɗe ba in cire ta. A irin wannan bincike na taɓa tarar da Adobe Flash a wata tsohuwar kwamfuta, shekaru bayan an daina kula da ita a ƙarshen 2020.

Dole in ja kunne a kan wani tarko da aka ɗana wa masu son yin daidai. Mutum yana cikin karatu a wani shafi sai allo ya cika da gargaɗi cewa burauzarsa ta tsufa, ko kwamfutarsa ta kamu, ya danna nan ya sabunta. Wannan ƙarya ce kusan kowane lokaci, kuma abin da zai sauko shi ne cutar da yake gudu. Sabuntawa ta gaskiya daga cikin saitin kwamfutar take zuwa, ko daga cikin manhajar kanta, ko daga shafin kamfanin da ya yi ta wanda mutum ya rubuta adireshinsa da hannunsa. Ba ta zuwa a maƙale da imel, kuma babu kamfanin da zai kira ka a waya ya ce ka ba shi damar shiga kwamfutarka ya sabunta maka. Haka ma manhajojin da suke alƙawarin sabunta duk direbobin kwamfuta, wato ƙananan manhajojin da ke haɗa ta da na'urori irin su firinta, da dannawa ɗaya, ban ga amfaninsu ba, illarsu kuwa na sha gani. Na'urar rarraba intanet ta gida ita ma kwamfuta ce ƙarama mai manhajarta, ta cancanci a leƙa saitinta a sabunta ta a kuma sauya kalmar sirrin da ta zo da ita. Manhajar da ke can ƙasa a jikin babban allon da kayan cikin kwamfuta suke haɗe da shi kuwa, wadda ake kira BIOS, ita kaɗai ce nake taka-tsantsan sosai da ita, domin in wuta ta yanke ana tsakiyar ɗora ta kwamfutar tana iya ƙin tashi kwata-kwata.

Akwai wani ɓangare na wannan magana da yake damuna, kuma ban ga dalilin ɓoye shi ba. Kowace manhaja tana da ranar da kamfaninta zai daina yi mata faci. Windows 7 ta kai tata ranar 14 ga Janairu na 2020, Windows 10 kuma, wadda ta fito a watan Yuli na 2015, ranar 14 ga Oktoba na 2025 aka yanke mata. Hanyar da aka nuna wa mutane ita ce su koma Windows 11, amma ita tana buƙatar wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0 da kuma ƙwaƙwalwar sarrafawa ta baya-bayan nan, a ɓangaren kamfanin Intel daga zubi na takwas zuwa sama, wanda ya bar miliyoyin kwamfutoci lafiyayyu a waje. Na fahimci hujjar tsaron da ke bayan wannan sharaɗi, amma ban yarda cewa daidai ne na'urar da take yi wa ɗalibi ko ƙaramin ɗan kasuwa duk abin da yake buƙata ta koma shara saboda kalanda ba. Ba kowa ke da halin sayen sabuwa ba, kuma gaya wa irin wannan mutum cewa ya sabunta kawai, ba tare da nuna masa mafita ba, rashin tausayi ne. Microsoft ya buɗe wani shiri na ƙarin facin tsaro ga masu Windows 10 na gida har zuwa Oktoba na 2026, wanda numfashi ne na shekara guda, ba magani ba.

Mafitar da na gwada da hannuna ita ce Linux, wata babbar manhaja da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows. Ina da wata tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka da ba ta cika sharuɗɗan ba, na kwashe abin da ke cikinta, na ɗora mata Linux Mint, wadda aka gina a kan wani nau'in Linux mai suna Ubuntu. Ubuntu tana fitar da fasali mai dogon zango kowace shekara biyu a watan Afrilu, ana kuma yi masa facin tsaro na shekara biyar kyauta. Abin da ya fi burge ni shi ne wuri ɗaya ake sabunta komai, babbar manhajar da burauza da manhajar rubutu duk a jeri guda, kuma ba ta sake tashi sai na ce mata. Ba kowa za ta yi wa daidai ba, domin akwai manhajojin sana'a da ba sa aiki a kanta, kuma makon farko yana buƙatar haƙuri kafin hannu ya saba. Wanda dole ne ya riƙe tsohuwar manhaja saboda wata na'ura ko wani aiki da ba ya yiwuwa sai da ita, shawarata ita ce ya raba wannan kwamfutar da intanet gaba ɗaya, ya kuma kula da filashin da yake soka mata.

Wannan tsohuwar kwamfutar a hannun yayana take yanzu. Na sa masa manhajar gyaran hoto ta kyauta mai suna GIMP a madadin kwafin satar da ya jawo masa asara, na nuna masa 'yar alamar garkuwa da ke ƙasan allo wadda take sauya kama in akwai sabuntawa, na kuma ba shi faifan ajiya da sharaɗin ya riƙa cire shi bayan ya kwafa. Ya yi gunaguni kwanakin farko cewa maɓallan ba sa inda ya saba ganinsu. Makon da ya wuce ya kira ni ya ce alamar ta nuna akwai abubuwa goma sha ɗaya da ke jira, ya riga ya kwafi hotunansa, yana tambaya ko ya danna. Na ce masa, "Danna, Yaya, amma ka fara jona ta da wuta."